Jini da harshe: tarihin binciken amosanin jini da tasirinsa a kan nazarin al'ummomi, daga Shikago zuwa Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

A shekarar 1949 an buga ayyuka uku waɗanda a lokacin ba wanda zai ce akwai abin da ya haɗa su. A Amurka, Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna cewa cutar da muke kira amosanin jini ta samo asali daga wani lahani da ke cikin hemogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, wanda kuma ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. A Uganda, Hermann Lehmann da Alan Raper sun auna jinin dubban mutane, suka jera sakamakon ƙabila-ƙabila bisa ga harsunan da mutanen ke yi. A Amurka kuma dai, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincikensa na farko cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya fara fitar da jerin maƙalolin da suka sake tsara dangantakar harsunan Afirka. Kafin shekaru goma su cika, an riga an tufka waɗannan zaruruwa uku sun zama igiya guda.

Manufar wannan ƙasida ita ce bin tarihin wannan tufka. Za mu nuna cewa binciken cututtukan gado na hemogulobin ya ari sunayen rukunoninsa daga ilimin harsuna, ya kuma ɗauka cewa masu harshe ɗaya jininsu ɗaya ne. Za mu auna wannan ɗauka da tarihin gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maraɗi, inda Hausa ta zama harshen mutane masu asali iri-iri. A ƙarshe za mu dubi abin da binciken ya bari a baya, wato kalmomin da iyaye ke kiran cutar da su, da waɗanda ake yi musu bayani da su a gidan likita. A ganinmu a nan ne aikin masu nazarin harshe yake, kuma aiki ne da ya shafi rayukan yara da zaman aure.

2. Daga ciwon ƙashi zuwa harafi guda, 1874-1957

Mutanen Afirka ta Yamma sun san wannan ciwo tun kafin na'urar hangen ƙananan halittu ta gan shi. Likitan nan ɗan Saliyo, Africanus Horton, a littafinsa na 1874 kan cututtukan ƙasashe masu zafi, ya bayyana wani ciwon ƙashi da gaɓɓai mai tasowa da damina, yana tafiya yana dawowa. Masana da dama na ɗaukar wannan a matsayin bayanin farko na cutar a rubuce. Amma tarihin da ake koyarwa yakan fara ne daga 1910, lokacin da James Herrick na Shikago ya buga labarin wani ɗalibin haƙori ɗan tsibirin Giranada, Walter Clement Noel, wanda aka ga ƙwayoyin jininsa dogaye, lanƙwasassu kamar lauje. A 1917 Victor Emmel ya gano cewa idan aka rufe ɗigon jini aka hana shi iska, ƙwayoyin sukan lanƙwashe, kuma gwajin da ke ɗauke da sunansa ya daɗe yana aiki a ɗakunan awo na ƙasashe masu amfani da Faransanci. Siffar laujen ce ta ba cutar sunanta na Ingilishi a 1922, haka ma na Faransanci, «drépanocytose», wanda aka gina a kan kalmar Girkanci «drepanon», ma'ana lauje.

A 1949 James Neel a Amurka da E. A. Beet a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, kowane a nasa gefe, suka fayyace yadda ake gadon abin. Wanda ya karɓi ƙwayar gado ta S daga mahaifi ɗaya kawai, ana rubuta shi AS, lafiyarsa lau a mafi yawan rayuwarsa. Wanda ya karɓa daga uwa da uba duka, ana rubuta shi SS, shi ne mara lafiya. Idan miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS.

Vernon Ingram na Kambirij ne ya kai abin ga tushe a 1956 da 1957. Sarƙar beta ta hemogulobin tana da ɗauri 146, kuma a ɗauri na shida kaɗai bambancin yake: inda ya kamata a sami asid gulutamik, sai aka sami balin. Daga baya aka gane cewa a rubutun DNA harafi ɗaya ne ya canza, GAG ya koma GTG. Mai nazarin sauti ba zai rasa gane wannan ba, domin shi ne irin bambancin da ke tsakanin «kafa» da «ƙafa», ko «baki» da «baƙi». Wannan canji ne ke sa hemogulobin ya sandare idan oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayoyin su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. A wannan ɗauri na shida dai wani canjin ya ba da hemogulobin C, wanda Harvey Itano da Neel suka gano a 1950, wanda kuma ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana.

Sauran tambaya guda: me ya sa ƙwayar da ke kashe yara ba ta ɓace ba? J. B. S. Haldane ya yi hasashe a 1949, game da cutar talasemiya ta bakin Bahar Rum, cewa masassarar cizon sauro ce ke riƙe da ita. Anthony Allison ya tabbatar da haka ga ƙwayar S a 1954, bayan aikinsa a Afirka ta Gabas: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunar masassara. Ke nan al'umma na biyan kariyar da wani ɓangare na ƴaƴanta ke samu da rayukan ƴan kaɗan daga cikinsu.

3. Lokacin da aka auna jini da mudun ƙabila

A rabin farko na ƙarni na 20, likitocin Amurka sun ɗauki cutar a matsayin tambarin baƙar fata. Idan aka same ta a jikin Bagirke ko Ba'italiye, sai a shiga neman kakan da ya fito daga Afirka. Melbourne Tapper ya bi diddigin wannan tunani a littafinsa na 1999. Da binciken ya iso Afirka ƙarƙashin mulkin mallaka, sai tambayar ta sake kama: tun da kowa baƙi ne, wace ƙabila ce ta fi wata?

A nan ne ilimin harsuna ya shigo. Lehmann da Raper sun kasa mutanen Uganda gida-gida da sunayen da masu nazarin harshe suka ƙirƙiro: Bantu, da masu harsunan Nilu, da «Hamawa». Sun sami ƙwayar S a jikin kashi 45 cikin ɗari na Baamba, sun kuma same ta kaɗan a cikin waɗanda suka kira Hamawa, sai suka fassara wannan a matsayin shaidar asali. Kalmar Hamawa kuwa ta fito ne daga ayyuka irin na Carl Meinhof na 1912, wanda ya tara Hausa da Fulatanci da Masai a rukuni guda, da na C. G. Seligman na 1930, wanda ya jingina duk wani ci gaba na Afirka ga baƙi masu hasken fata da suka zo daga arewa maso gabas. A yankin da Faransa ke mulka, Léon Pales da Jean Linhard sun buga nasu binciken daga Dakar a 1952, suna kiran abin «sicklémie», su ma kuma ƙabila ce ma'auninsu. A wannan shekara dai Lehmann da Marie Cutbush suka sami ƙwayar a tsaunukan Nilgiri na kudancin Indiya, aka shiga zana taswirar ƙaurar da ake zaton ta kawo ta Afirka daga waje.

Ginshiƙai biyu na wannan gini sun faɗi kusan lokaci guda. Greenberg ya nuna cewa rukunin Hamawa ba shi da tushe a ilimin harsuna: Fulatanci ɗan'uwan Wolof da Serer ne, Hausa kuma tana cikin iyalin harsunan Cadi. Allison kuma ya nuna cewa yawan ƙwayar S yana bin sauro ne. Mutanen tudu mai sanyi da makiyayan busasshiyar ƙasa suna da ita kaɗan saboda masassara ba ta addabe su ba, ko wane harshe suke yi.

Frank Livingstone, ɗalibin Neel da ya yi aiki a Laberiya, shi ne ya sake ɗaura zaruruwan a 1958, a wata maƙala da ta shahara ƙwarai. Hujjarsa ita ce: sare kurmi domin noma ya buɗe ƙasa ga rana, ya samar da kududdufan da sauron Anopheles gambiae ke so, ya kuma tara mutane a ƙauyuka masu yawan jama'a. Masassara ta kafu, ƙwayar S ta bunƙasa. Domin ya bi sawun yaɗuwar manoma, sai ya yi amfani da sabon tsarin Greenberg. Ya lura cewa wasu al'ummomin gabashin Laberiya da na Gini ta Fotugal, waɗanda ya ɗauka noma bai daɗe da kama su ba, suna da ƙwayar kaɗan. Wannan ne karo na farko da aka nuna dalla-dalla yadda al'ada, wato gatari da gona, ke sake halittar ɗan Adam.

Tasirin maƙalar ya wuce fagen likitanci nesa. Stephen Wiesenfeld a 1967 da William Durham a 1991 sun faɗaɗa hujjar, suka haɗa ta da irin amfanin gonar da ake nomawa. Shi kansa Livingstone, a 1962, ya kafa hujja da irin waɗannan alƙaluma ya ce bambancin halittar mutane yana gangarowa ne sannu a hankali a kan taswira, ba shi da iyakokin da za a kira jinsi. A 1962 ɗin ne kuma Emile Zuckerkandl da Pauling suka kwatanta hemogulobin na dabbobi daban-daban domin ƙiyasta lokacin da suka rabu, dabarar da ta yi kama sosai da wadda Morris Swadesh ya yi wa kalmomi shekaru goma kafin nan. Luca Cavalli-Sforza da abokansa, a 1988 da 1994, sun kai ga jera bishiyar jini kusa da bishiyar harsunan duniya. Masu nazarin harshe da dama sun soki wannan jeri, kuma dalilinsu shi ne wanda za mu gani a Tasawa.

4. Tsatso biyar da sunayensu

Daga 1978, lokacin da Yuet Wai Kan da Andrée Dozy suka gano wata alama a kan DNA kusa da ƙwayar S, binciken ya shiga sabon babi. An fahimci cewa ana gadon ƙwayar tare da wasu alamomi da ke maƙwabtaka da ita, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. Kowane jerin alamomi za mu kira shi tsatso. A 1984 Josée Pagnier, Dominique Labie, Ronald Nagel da abokansu suka bayyana tsatso uku a Afirka: na Senegal, na Benin, da na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Daga baya aka ƙara na Larabawa da Indiya, da na Kamaru. Aka kammala a lokacin cewa canjin harafin ya faru sau da yawa, a wurare daban-daban.

Masana tarihi sun amfana da wannan. Tsatson Benin, wanda shi ne ya mamaye Nijeriya, an same shi a Aljeriya, da Sisili, da Girka, da Turkiyya, abin da ke tuna mana hanyoyin ayari na Sahara da bayin da aka bi da su ta nan. A Barazil tsatson Afirka ta Tsakiya ne ya fi yawa, a Jamaika da Amurka kuwa na Benin, daidai da abin da takardun jiragen bayi ke faɗi game da tashoshin da aka ɗebi mutane.

Amma a dubi sunayen. Tsatso na uku ya fi shahara da sunan «Bantu», alhali Bantu sunan iyalin harsuna ne da Wilhelm Bleek ya raɗa a ƙarni na 19, kuma mafi yawan mutanen Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna yin Gbaya, Banda da Sango ne, waɗanda ba na wannan iyali ba ne. Sauran sunayen kuma na ƙasashen da mulkin mallaka ya shata ne. Abin da sunan ke nunawa a gaskiya shi ne inda aka fara ɗibar jinin.

Binciken baya-bayan nan ya ƙara raunana tsohuwar fassarar. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, bayan nazarin cikakken DNA na mutane kusan dubu uku, sun kammala cewa sau ɗaya tak canjin ya faru, kimanin shekaru 7300 da suka wuce, a zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Wannan shi ne zamanin da mutane ke zaune a bakin tafkin Gobero, cikin Tenere ta Nijar. A 2019 Guillaume Laval da abokansa na cibiyar Pasteur suka kai kwanan baya, zuwa kimanin shekaru 22000. Ko wanne aka ɗauka, ƙwayar S ta girmi Hausa, ta girmi Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci a siffar da muka san su.

5. Garki, Tasawa da Mayahi

Binciken da ya fi kusa da mu, kuma mafi zurfi da aka yi cikin manoman Hausa, shi ne na Garki, a arewa maso gabashin Kano, cikin jihar Jigawa ta yau. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da shi daga 1969 zuwa 1976 domin nazarin masassara, Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka buga rahotonsa a 1980. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokansa sun fitar da sakamakon hemogulobin a 1979. Sun sami AS a jikin kashi 24 cikin ɗari na jarirai, da kashi 29 na waɗanda suka haura shekara biyar. Ƙarin nan na nuna waɗanda masassara ta ɗauke daga cikin masu AA. Sun sami SS a jikin kimanin kashi 2 cikin ɗari na jarirai, amma cikin manyan yara da baligai da ƙyar aka ga ɗaya. Ke nan a ƙauyen wancan lokaci cutar ba ta da fuska, domin masu ita sukan rasu kafin a sa mata suna.

Lissafin ba shi da wuya. A duk al'ummar da mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa masu AS biyu, haihuwa ɗaya cikin 64 kuma za ta ba da SS. Gundumomin Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500 a ƙidayar 2012, suna cikin ɗaya daga jahohin da ke kan gaba wajen yawan haihuwa, kuma masassara na tasowa a cikinsu kowace damina. Mai karatu na iya auna nauyin abin da kansa.

To, idan mai bincike ya zo nan ya ɗebi jini ya rubuta «Hausa» a kan kwalba, me ya rubuta? Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi wajen 1807, da Alƙalawa a 1808, Katsinawa da Gobirawa sun kwararo arewa, aka kafa mulkin Maraɗi wajen 1819, da Tsibiri a 1836. Da Heinrich Barth ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, tare da ayarin gishiri na Abzinawa ya zo, kuma garin zango ne a kan hanyar Abzin zuwa Katsina da Kano. Bugaje sun zauna sun kama noma, jikokinsu da yawa ba su da harshen da ya wuce Hausa. Fulani sun zauna, mutanen Barno da Damagaram sun zauna, bayi daga kudu sun narke cikin gidajen iyayengijinsu. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, manoma sun ci gaba da sharar daji zuwa arewa, a kewayen Gulbin Kaba da ƙasar Mayahi, tarihin da Claude Raynaut da abokan aikinsa suka yi nazari. J. E. G. Sutton a 1979, da Anne Haour da Benedetta Rossi a 2010, sun nuna cewa haka Hausa ta yaɗu a ko'ina: mutane ne ke shigowa cikinta.

Iyali na iya sake harshe cikin zuriya biyu, amma yawan wata ƙwayar gado a cikin al'umma yakan ɗauki zuriya masu yawa kafin ya motsa. Saboda haka kalmar «Hausa» a jadawalin mai awon jini tana faɗin harshen da aka yi hira da shi ne kawai. Abin da ke bayyana yawan ƙwayar S a wani ƙauye shi ne tsawon damina, da kusancin tabki ko fadama, da inda kakanni suka fito, da kuma yawan auren zumunci, wanda ke ƙara yiwuwar haɗuwar masu AS biyu. Wannan gargaɗi ya shafi ɗalibanmu ma, waɗanda wani lokaci sukan ɗauko sakamakon masu awon jini domin su tabbatar da wata ƙaura ta masu harsunan Cadi. Idan mai awon jinin daga wurinmu ya aro rukuninsa, to mun tabbatar da maganarmu da maganarmu ne.

6. Sunayen cutar a bakin masu ita

Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, wanda ya bi sawun cutar a cikin danginsa har zuwa 1670, shi ne ya fara jan hankali ga sunayen gargajiya: «chwechweechwe» a harshen Ga, «ahotutuo» a Tuwi, «nuidudui» a Ewe. Ya lura cewa ninkin gaɓa da ke cikinsu yana kwaikwayon ciwo mai ci yana maimaitawa. A Hausa sunaye uku ne ke yawo, kowane da tarihinsa.

Na farko shi ne «amosanin jini». Kalmar «amosani» ta riga likitancin Turai, kuma tana da faɗi: akwai amosanin kai, akwai amosanin ƙashi da na gaɓɓai. Ƙarin «jini» ne ya keɓe ta ga wannan cuta. Amfaninta shi ne kowa ya san ta. Illarta kuma ita ce tana jan cutar zuwa cikin dangin ciwon sanyi, waɗanda ake nema wa magani wurin mai saiwa da wanzami.

Na biyu shi ne «sikila», wanda ya shigo daga Nijeriya. A Ingilishi asalin kalmar sunan mai cutar ne, Hausa kuwa ta mai da ita sunan cutar, shi ya sa ake cewa «ciwon sikila» da «mai sikila». Na uku shi ne «emasi», da ake ji a Nijar, daga Faransanci «hématies falciformes», wato jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje. Aron ya yar da kalma ta biyu, wadda ita ce ke ɗauke da ma'anar, ya riƙe ta farko, wadda ke nufin abin da kowane mai rai ke da shi a jijiyarsa. Tasawa, da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kuma kusa da iyakar Katsina, tana jin duka ukun.

Akwai kuma sunan da ba na cutar ba ne, amma ya daɗe yana rufe ta, wato «wabi», halin macen da ƴaƴanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sunaye irin su Ajuji, Ayashe, Abarshi da Barmani shaida ne na wannan fargaba. Stuart Edelstein a 1986 da Esther Nzewi a 2001 sun binciki dangantakar cutar da «ogbanje» na Ibo, wanda ya yi kama da wabi. Ba za a ce kowane ɗan wabi mai SS ne ba, domin ƙyanda da tamowa da masassara ma suna kashe yara a jere. Abin lura shi ne wabi a jikin uwa ake rataya shi, ba a cewa namiji yana wabi.

A nan ne matsalar fassara take. Mun taɓa zama a wani gidan likita na karkara a ƙasar Mayahi, inda ma'aikacin lafiya ya gaya wa dangin wani yaro mai kumburin hannu da ƙafa cewa ciwon gado ne. Kakar yaron ta wajen uba ta amsa nan take: «Mu dai a gidanmu ba mu gaji wannan ba.» Bisa ma'anar «gado» a Hausa, gaskiya ta faɗa. Abin da aka gada abu ne da aka gani a hannun magabata, gona ko sarauta ko sana'a ko hali, ita kuwa ba ta taɓa ganin ciwon a jikin ɗanta ko mijinta ba. Tun da ba daga gidansu ba ne, saura a ce yaron ya tsotsa a nono, laifi ya koma kan uwa. Doris Bonnet, a aikinta na Abijan da aka buga a 2009, ta nuna yadda iyalai ke sake fassara bayanin gado bisa tsarin zumuntarsu.

Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma ga mai AS ba. Idan tafinta ya ce yana da rabin cutar, ya mai da lafiyayye majinyaci, ya kuma ɓata wa budurwa suna. Idan ya ce ba shi da komai, ya ɓoye abin da ya kamata a sani kafin ɗaurin aure. Haka nan «ɗaya cikin huɗu»: mai ji na iya fahimtar cewa tun da an haifi ɗaya mara lafiya, ukun da ke tafe sun tsira, alhali kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce.

7. Kammalawa

Abin da ake iya yi wa yaro mai SS a yau ya wuce na zamanin Garki nesa. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba jarirai fenisilin kullum yana rage mummunar cutar huhu da ta jini. Tun 1995 aka san amfanin maganin hidroksiyuriya, gwajin da aka buga a 2019 ya nuna yana aiki ga yaran Angola, Kwango, Kenya da Uganda, an kuma gwada shi a asibitin koyarwa na Aminu Kano domin kare yara daga shanyewar jiki. Nijar na da cibiyar ƙasa ta wannan cuta a Yamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni dominta tun 2008. A 2023 an amince da maganin gyaran ƙwayar gado a Ingila da Amurka, a kan dala miliyan 2.2, wato fiye da miliyar guda na sefa ga mutum ɗaya. Frédéric Piel da abokansa sun ƙiyasta cewa a 2010 an haifi jarirai masu SS kimanin dubu 300 a duniya, kusan dubu 90 daga cikinsu a Nijeriya. Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure a 2024, kuma irin wannan magana ba ta tsayawa a bakin iyaka.

Duk waɗannan matakai ta bakin wani suke bi kafin su isa ga uwa da uba. Shekaru saba'in da ƴan kai binciken jini yana aron sunayen ƙabilu daga wurinmu, aron da bai amfane shi sosai ba. Abin da ya fi bukata daga sashen nazarin harsuna shi ne a ɗauki hirarrakin likita da iyaye a Tasawa, Mayahi, Korgom da Kanambakashe, da izininsu, a tattara kalmomin ciwon ƙashi, da shawara, da kumburin saifa, da ƙarancin jini, a bisa tafarkin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shata a 1999 game da sunayen cututtuka a Afirka ta Yamma. Daga nan sai a gwada kalmomin da za su faɗi abu uku ba tare da ruɗani ba: cewa uba da uwa kowane ya ba da iri ɗaya, cewa mai iri ɗaya lafiyayye ne, cewa kuma kowane ciki da nasa rabo. Muna ganin kwatancen iri da shuka, wanda kowane manomin gero ya sani, ya cancanci a fara gwada shi.